Da Muka Koma Hannun Dama a Tashar Birnin Kudu

Ba don na fi kowa iya tuƙi aka naɗa ni shugaban direbobin tashar Birnin Kudu ba. An naɗa ni ne don na yi elemantare, ina iya karanta takardar boko, kuma manyan da suka cancanta babu mai son wahalar. Aikin shugaba a lokacin bai wuce raba faɗa a kan layin lodi da zuwa belin wanda 'yan sanda suka kama ba. Na karɓa ina ganin abu ne mai sauƙi. Ban daɗe a kai ba gwamnati ta ce ƙasar nan gaba ɗaya za ta bar tuƙin hannun hagu ta koma hannun dama.

Wanda bai riski zamanin ba sai an yi masa bayani. A da gefen hagu na hanya muke bi. Sitiyari yana dama, ƙofar fasinja tana hagu, wato wajen bakin hanya, inda mutum zai sauka ya taka ƙasa ba tare da ya haɗu da wata mota ba. A haka muka koya, a haka waɗanda suka koya mana suka koya. Bayan yaƙin basasa, kuɗin mai ya fara shigowa, motoci suka yawaita, sai aka ce mu daidaita da ƙasashen da ke kewaye da mu. Ni ban taɓa ganin laifin wannan shawara ba. Yadda aka kawo mana ita ne har yau in na tuna nake jin raina yana ɓaci.

Wani babban jami'i aka turo daga Kano, daga ofishin masu duba motoci. Da tsakar rana ya iso, lokacin bazara, ƙasa kamar garwashi. Muka share gindin darbejiya, muka kawo benci, aka kawo masa ruwan randa a sabon kwano. Bai zauna ba, bai taɓa ruwan ba. Bahaushe ne kamar ni, da ganin fuskarsa ka san da tuwon dawa aka yaye shi, amma da ya buɗe baki sai Turanci. Direbobi da 'yan kamasho da yaran mota sun yi tsaye a rana suna kallon bakinsa. Masinjansa ne yake fassarawa, shi kuma Turancinsa bai fi nawa ba. Jami'in zai yi doguwar magana, masinja ya ce, "Ya ce duk wanda ya saɓa, kotu." Ya sake yin wata doguwar, masinja ya ce, "Ya ce ba sani ba sabo." Abin da kunnuwanmu suka iya tsinta da kansu a cikin Turancin kalma ɗaya ce, lasin, kuma ya maimaita ta ba sau ɗaya ba.

Da ya gama bai ce ko akwai mai tambaya ba. Ya miƙo mini damin takardu masu hoton kibiya, ya ce da ni da Hausa tsantsa, "Kai ne shugabansu? To ka tabbata sun bi. In aka samu matsala kai za a nema."

Ashe ya iya Hausa. Ya shiga motarsa ya tafi, ya bar ni da takardu a hannu da mutane a fusace.

Na liƙa takardun a bangon tasha. Kafin kwana biyu masu ƙosai da masu tsire sun gama da su. Na kira taro, na hau kan durom, na karanta musu umarnin yadda yake a rubuce. Na ce kullum da safe za mu riƙa gwaji a filin bayan makaranta, kuma wanda bai zo ba na cire shi daga layin lodi. Da irin muryar da aka yi mini magana na yi musu, don ita kaɗai na ga an yi amfani da ita.

A cikinsu akwai tsohon da ya koya mini mota. Kowa Baba yake ce masa. Shi yake bin hanyar Gwaram da wata tsohuwar mota mai bodin katako, tun lokacin da mota ɗaya ce take shiga can a mako. Ni ma a bayan motarsa na fara, ina ɗaure kaya ina sa wa taya waigi. Ya bari har na gama, sa'an nan ya ce, "Shugaba, ina da tambaya."

Na ce, "Ina jin ka, Baba."

"Mu muka naɗa ka ko su?"

Bai jira amsa ba. Ya kaɗe rigarsa ya nufi motarsa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni a kan durom kamar mai tallan maganin da ba shi da masaya.

Washegari na je fili, ni da 'yan kamasho biyu. Babu direban da ya zo. Na yi kwanaki ina bin su ɗaiɗai, kowa da abin da zai ce mini. Wani ya ce wannan abin mutanen Ikko ne, kafin ya iso nan an manta da shi. Wani ya ce hanyar Gwaram ba ta da hannu, burji ce mai gargada, kowa tsakiya yake bi. Wani ma da ya ɗan taɓa karatun allo ya yi mini wa'azi a kan falalar dama, da ita ake ci, da ita ake gaisawa, ya ce shi yana goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma shi ma bai zo gwajin ba. Na cire mutum biyu daga layi kamar yadda na ce. Sauran suka ƙi yin lodi sai an mayar da su. Fasinjoji suka wuni a rana, mata da goyo, masu zuwa asibiti da masu komawa gida, kowa yana zagina. Da la'asar na mayar da su. Rana tana ta matsowa, ni kuma abin da nake da shi kawai fushi: ina fushi da mutumin Kano, ina fushi da direbobi, ina fushi da Baba fiye da kowa, don na san in ya ɗaga yatsa ɗaya duk za su zo.

Wata safiya na ba wani direba motata, na je na buɗe gaban motar Baba na zauna kamar fasinja. Ya dube ni. Aka gama lodi, buhunan gishiri da kananzir da mutane a sama, muka ɗauki hanyar Gwaram. Na yi niyyar in yi masa magana a hanya, amma na rasa ta inda zan fara ba tare da mun yi faɗa ba, sai na yi shiru. Shirun nan shi ne abu mafi amfani da na yi tun da aka fara maganar.

Mun yi nisa, a wata kwana mai duhuwa, sai ga wata mota ta ɓullo ɗauke da gyaɗa, ita ma a tsakiyar hanya, da gudu. Kafin in buɗe baki Baba ya karkata hagu, wancan ma ya karkata hagunsa, muka wuce juna ƙura ta rufe mu. Baba ya ci gaba da tuƙi na ɗan lokaci, sa'an nan ya ɗaga hannunsa daga sitiyari ya nuna mini.

"Ka ga hannun nan? Ba ni na juya shi ba. Shi ya juya kansa. Tun ba a haife ka ba yake yin haka. Yanzu wani ya zo ya tsaya a rana ya ce ranar Lahadi kaza da safe ya daina."

Na ce, "Shi ya sa na ce a yi gwaji, Baba."

"Gwaji," in ji shi, ya yi tsaki. Muka ci gaba har Gwaram.

A can, bayan an sauke kaya, muka zauna a rumfar mai fura. Wasu direbobinmu biyu suka zo suka zauna tare da mu. Ni ina shan furata. Su suka fara hira a tsakaninsu kamar ba na nan, har Baba ya juyo ya ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Gwajin nan naka, sunayen waɗanda suka kasa kake so ka kai musu?"

Na ajiye ludayin. Na ce, "Wane suna? In kai wa wa?"

"Kowa ya ji mutumin yana ta lasin, lasin. An ce za a karɓe na kowa, a sake jarrabawa, a rubuce, da Turanci. Wanda ya faɗi ya koma gona. Ni ba ni da gona. Alif ɗin boko ban sani ba. Kuma an ce Alhaji ya riga ya nemo samari 'yan makaranta daga Kano da za su karɓi motocinsa."

Alhajin da yake nufi shi ne mai motoci mafi yawa a tasharmu, ɗan kasuwa ne mai dangi a Kano, kuma yawancin direbobinmu a ƙarƙashinsa suke ci. Ɗaya daga cikin waɗanda ke zaune direbansa ne. Ya ce shi da kansa ya tambayi Alhaji ko gaskiya ne, Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Ku dai ku kama kanku."

Wato duk kwanakin nan da nake haƙilo a kan durom, mutanen nan ba hannun dama suke ƙi ba. Gani suke an haƙa musu rami, kuma ni aka ba wa aikin tura su ciki. Babu wanda ya gaya mini, don a ganinsu na riga na zama ɗan gwamnati. Na ce da Baba, "Wallahi ban san da wannan magana ba. Ban ce ƙarya ce ba, don ni ma ban gane Turancinsa ba. Amma zan je in ji daga bakinsa."

Ya ce, "In ka je ka ji, kai za ka zo ka faɗa mana?"

"Ni zan faɗa."

"Ba za su yarda ba. Ni ma ba zan yarda ba. Wanda ya ɗaure shi zai kwance."

Na tafi Kano. Na wuni a kan benci a bakin ofishin jami'in nan, masinjan nan yana shiga yana fita yana ce mini Yallaɓai yana da baƙi. Sai bayan azahar aka ce in shiga. Na gaishe shi, bai ce in zauna ba, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har da jingina da kujera.

"Wa ya ce za a karɓi lasin? Ai abin da na faɗa ke nan a tasharku, cewa lasin kowa yana nan yadda yake, ba jarrabawa, ba komai. Na faɗa na maimaita."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da wane harshe ka faɗa?"

Ya daina dariya. Ya ce shi aikin gwamnati yake yi, kuma harshen aikin gwamnati ya yi amfani da shi, in mutanena jahilai ne ba laifinsa ba ne. Na ce masa mutanen nan da yake kira jahilai su suke ɗauko marasa lafiya daga Maruta da Yalwan Damai su kawo asibiti cikin damina, su suke fito da gyaɗar da ake tara dala da ita a garinsa, kuma maganar da za ta kwantar musu da hankali ba ta fi numfashi ɗaya ba da harshen uwarsa, ya hana su. Na ce ya zo ya faɗa da bakinsa. Ya ce ba shi da lokacin komawa kowace tasha, in fita. Na ce to in an yi karo a hanyar Gwaram, ni aka ce za a nema, kuma in aka neme ni zan faɗi wanda ya zo da abin da ya yi. Na fita.

A bakin ƙofa wani ƙaramin ma'aikacin ofishin ya biyo ni. Mutumin kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa kamar ta ɗan cikin birni. Ya ce ya ji duk abin da aka yi. Ya ce shi ba babba ba ne, amma yana da kaki da hular aiki, in hakan zai yi amfani zai nemi izini ya zo. Na ce ya zo.

Ya zo kuwa, a motar haya, cikin fasinjoji. Ya zauna a bencin da ubangidansa ya ƙi, ya sha ruwa, ya gaida Baba da rusunawa. Ni ban hau durom ba, a ƙasa na zauna. Na ce da jama'a, "Ga shi nan. Ni ba zan yi magana ba. Duk abin da ke cin ran mutum ya tambaya."

Baba ne ya fara. "Ɗana, lasin ɗina fa?"

"Yana nan, Baba. Ba mai taɓa shi. Ba jarrabawa."

"Ko ban iya karatu ba?"

"Ko ba ka iya ba. Da shi za ka ci gaba da tuƙi har ya ƙare ka sabunta yadda ka saba."

Baba ya ce ya sake faɗa, ya sake. Daga nan tambayoyi suka ɓarke kamar an fasa madatsa. Sitiyarinmu yana dama, in muka koma dama ta yaya direba zai hango gaba in zai wuce wata mota? A shataletalen Kano ta ina za a zaga? In ka haɗu da wanda ya manta ya taho ta hannunka, ka kauce ko ka tsaya? Wasu ya amsa, wasu ya ce bai sani ba, kuma wannan "ban sani ba" ta ƙara masa daraja a idonsu fiye da kakinsa. Waɗanda bai sani ba direbobin suka shiga warwarewa da kansu, suna gardama, suna zana hanya a ƙasa da tsinke. Suka yanke cewa ba mai wuce wata mota sai yaron motarsa yana zaune a hagu ya leƙa ya ce hanya ta yi. Suka yanke cewa in an haɗu a kwana kowa ya taka birki tukuna. Baba ya kawo shawarar a ɗaura jan ƙyalle a wuyan hannun dama, don ido ya riƙa tuna wa hannu. Da ni na kawo wannan a kan durom da dariya za su yi mini.

Washegari filin bayan makaranta ya cika. Muka jera duromomi muka yi hanya, motoci biyu su taho su haɗu. Baba da kansa ya karkata hagu a karon farko ya ture durom, aka yi ta dariya, shi ma ya yi, ya koma ya sake. Muka sa 'yan kamasho duk motar da za ta fita su buga bodinta su ce "dama". Muka roƙi fasinjojin gaba su riƙa tuna wa direba. Sai wani ya ce, to masu kekuna fa, da masu jakuna, da masu shanu? Su wa ya gaya musu? Babu. Takardar kibiya ba ta wuce bangon tasha ba. Muka je wurin masu unguwanni aka sa sanƙira ya yi shela a kasuwa, kowane direba kuma ya ɗauki garuruwan da ke hanyarsa, in ya tsaya sauke kaya ya tara mutane ya yi musu bayani. Baba ya ce hanyar Gwaram tasa ce, kada wanda ya sa masa baki. Mutumin da ya watsa mini taro shi ya koma tsayawa a kasuwar Maruta yana nuna wa masu kekuna gefen da za su bi.

Saura Alhaji. Motocin katako irin ta Baba ta baya ake hawa, ba su da matsala. Amma Alhaji yana da bas-bas masu bin kwalta zuwa Kano, bodinsu na katako, ƙofarsu a hagu. In aka koma dama, duk fasinjan da zai sauka a hanya tsakiyar titi zai taka. Direbobinsa ne suka fara kawo maganar a fili, ba ni ba. Na je gidansa da safe, na same shi a zaure ana ta gaisuwa. Na jira aka ragu, na ce, "Alhaji, maganar ƙofofin nan ce. A sa kafinta ya toshe na hagu ya buɗe a dama kafin ranar."

Ya ce, "In na tsayar da mota don kafinta, kai za ka ciyar da direban?"

"Ɗaya bayan ɗaya za a yi, Alhaji. Ba za su tsaya gaba ɗaya ba."

"Gwamnati ta ba da lokaci a kan wannan. Ba a ce dole yau ba."

"Gwamnati ba ta sauka daga bas, Alhaji. Matan ƙauye ne suke sauka."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce ya san ni tun ina ɗaure kaya a bayan mota ba takalmi, yanzu don an ce mini shugaba zan shigo zaurensa in koya masa sana'a. Na haɗiye wannan. Na ce masa akwai kuma maganar da ya bari ta yaɗu, ta samarin Kano, alhali ya san ba gaskiya ba ce. Ya ce shi bai ce komai ba. Gaskiyarsa, bai ce ba. Murmushi kawai ya yi ya bar magidanta suna kwana da fargaba, don direba mai tsoro ba ya ɗaga wa maigida murya.

Na mayar da maganar gaban direbobi, na faɗa musu yadda muka yi kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Suka yanke da bakinsu cewa daga ranar canji bas mai ƙofar hagu ba zai yi lodi a tasha ba. Har direbobin Alhaji suka ɗaga hannu. Da ya ji, sai ya fitar da motocinsa daga tasha, ya sa suna lodi a bakin titi wajen gari. Direbobinsa suka bi, don 'ya'yansu ba za su ci ƙuri'a ba. Ban ga laifinsu ba. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, aka ce ba a ba su umarni a kan ƙofa ba. Na aika wa ofishin Kano, ban ji komai ba.

Ranar ta zo, Lahadi da safe. Motoci suka fita a hankali kamar masu rakiyar gawa, kowa da jan ƙyalle a hannu, fasinjoji suna ta "dama, direba, dama" ko da yana kan daman. Baba ya je Gwaram ya dawo, ya sauko yana yarfe hannu, ya ce kafaɗarsa ta gaji kamar ya wuni yana noma. A duk makonnin farko ba direban tasharmu da ya yi karo, a burji ko a kwalta. Na fara sakin jiki.

Sai wata ranar kasuwa, da hantsi. Wata mata daga rugar da ke wajen Yalwan Damai ta hau bas ɗin Alhaji da ƙwaryar nononta. Da aka zo mararrabar da za ta sauka, direba ya tsaya a dama yadda doka ta ce. Ta buɗe ƙofar da take akwai, ta juya baya tana sauko da ƙwarya, wata babbar mota da ta taho daga baya ta kwashe ta. Ba ta mutu ba. Mu muka kai ta asibiti, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙafar ba ta tsira ba. Mace mai tafiyar ƙasa kullum da ƙwarya a ka.

Na tarar da Alhaji a harabar asibiti, ya zo dubiya da mutanensa. Yana ganina ya ce, "Ƙaddara ta riga fata."

Ban san lokacin da na matsa gabansa ba. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Na zo zaurenka na gaya maka. Direbobinka sun gaya maka. Kada ka jingina wa Allah abin da kafinta zai iya gyarawa." Mutanensa suka taso, Baba ya riƙe mini hannu ya ja ni baya, ya ce, "Ya isa, ya ji." Ni ban ga ya isa ba, kuma har yau ban ga ya isa ba. Na sha jin ana kiran ƙaddara a inda ta dace, na yi imani da ita kamar kowane Musulmi. Amma a bakin mutumin da aka gargaɗa ya ƙi ji, ba ta yi mini kama da imani ba.

Mijin matar nan ya zo tasha bayan kwanaki, dogon mutum da sandarsa, bai ɗaga murya ba. Ya ce an ce ni ne shugaba. Ya ce shi ba ƙara ya kawo ba, so yake ya gane, don sauran matan ruga suna tsoron hawa mota yanzu, nono yana lalacewa a gida. Ya ce, "Malam, ta wane gefe ya kamata ta sauka?" Na ce masa motar ba ta da wani gefen. Ya juya maganar, ya ce to, ya gode. Na sa Baba ya bi shi har rugar, ya zauna da su ya yi musu bayani, ya ce kada su hau kowace mota sai sun ga ƙofarta tana kallon bakin hanya. Maganar ta bi rugage da ƙauyuka fiye da yadda shelar sanƙira ta bi. Bas-bas ɗin Alhaji suka riƙa tsayawa a bakin titi babu mai hawa.

Sai a lokacin ya aiko a ce mini yana so motocinsa su dawo tasha. Na ce da ɗan aiken sharaɗin yana nan yadda direbobi suka yanke. Aka kawo bas na farko gindin darbejiya, aka kira kafinta. Na tsaya a kansa ina kallo. Ya ɓamɓare katakon dama da zarto da guduma, ya ciro ƙofar hagu ya mayar can, ya toshe ramin, ya matsar da benci ɗaya. Da safe ya fara. Kafin a kira la'asar yana wanke hannu.